Daga Mashigin Shanu Zuwa Kuɗin Fito: Asalin Kalmar "Ford"



A shirinmu na daren Larabar da ta wuce, saura minti uku mu rufe, wani dattijo tsohon direba ya bugo waya daga tsallaken iyaka. Ya ce, "Ɗana, tambaya gare ni, kada ka yi mini dariya. Ni dai da Bedford na fara tuƙi, ubangidana kuma Ford yake hawa, yanzu ga jikana ya zo daga lakwal da wani ƙaton littafin Turanci an rubuta Oxford a bayansa. Su waɗannan fod, fod ɗin, 'yan gida ɗaya ne?" Na ce, "Baba, lokaci ya ci mu, amma na ɗauki bashi." To, yau ga biyan bashi. Baba, kunnenku bai yaudare ku ba. 'Yan gida ɗaya ne, kuma gidan nasu a bakin ruwa yake, wurin da makiyayi ya fi kowa sani.

A Turancin Ingilishi, ford shi ne mashigi: wurin da kogi ya yi faɗi, zurfinsa ya ragu, ƙasansa tsakuwa ko dutse maimakon laka, har mutum da dabba su taka su ƙetare da ƙafa. Ana rubuta shi da haruffa huɗu, amma bakin mutumin Ingila yakan haɗiye harafin "r" ɗin, shi ya sa Baba ya ji "fod". Kalmar ta tsufa ƙwarai. Tana cikin Ingilishi fiye da shekara dubu, kuma a duk tsawon wannan lokaci rubutunta bai sauya ba, abin da ba kasafai ake samu ba a harshen nan. Da farko sunan wuri ce kawai. Daga baya suka mai da ita aikatau, wato idan mutum ya ratsa ruwa da ƙafa ko a kan doki, da ita za a ba da labarinsa. Har gobe a ƙauyukan Ingila akwai hanyoyin mota da ke bi ta cikin rafi, kuma kafin ka iso za ka ga allon gargaɗi ɗauke da kalmar, a gefen ruwan kuma an kafa sanda mai ma'auni don direba ya ga zurfi kafin ya jefa mota. Baƙo sai ya ɗauka tallar kamfani ce. Direbobinmu da suka saba ratsa simintin da ake shimfiɗawa a ƙasan korama sun san irin wannan wuri, sun kuma san abin da yakan faru da mai gaggawa ranar da aka yi ruwa a tudu.

Yanzu mu je ga littafin jikan Baba. Oxford gari ne mai nisan kamar kilomita 90 daga Landan, a inda kogin Cherwell ya haɗu da kogin Tems. Jami'arsa ce mafi tsufa a duk ƙasashen da ke jin Ingilishi, ana koyarwa a wurin tun ƙarshen ƙarni na 11, kuma maɗaba'arta ce ke buga ƙamus ɗin da yaron ya kawo. Amma sunan garin bai san da boko ba. A tsohon Ingilishi Oxenaford ake cewa, haka ya fito a rubutun tarihinsu na wajen shekarar 912. Oxen, shanun aiki ke nan, takarkarai. Ford kuma kun riga kun ji. Oxford dai, mashigin shanu. Wallahi ranar da na fara karanta wannan sai da na yi dariya ni kaɗai. Garin da manyan duniya ke alfahari da cewa a can suka yi karatu, masu kora shanu ne suka raɗa masa suna. Mutanen garin kuma ba su ɓoye ba: tambarin birnin har yau jan sa ne yana taka ruwa.

Ba Oxford kaɗai ba ne. Taswirar Ingila cike take da garuruwa masu wannan wutsiya, kowanne da labarin abin da ke ƙetarewa a wurin. Shefford mashigin tumaki ne. Bradford, mashigi mai faɗi. Stratford, garin da aka haifi Shakespeare a 1564, wurin da tsohon titin Rumawa ya ratsa kogi ne. Hereford kuwa mashigin rundunar yaƙi, kuma daga yankin ne aka samu jajayen shanun nan masu farar fuska da ake kiwo don nama a Amurka da Ajantina da Ostireliya, waɗanda har yau sunan garin suke amsawa.

Jamusawa na cewa furt. Suna da nasu garin mai suna Ochsenfurt, ma'anarsa ɗaya sak da Oxford. Suna da Frankfurt a bakin kogin Main, mashigin ƙabilar Faranka, wanda sunansa ya fara bayyana a takarda a shekarar 794, zamanin sarki Shalman. A nan ne babban bankin Turai yake a yau, mai kula da kuɗin yuro. Sefar da ke aljihunku kuwa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 a kowane yuro ɗaya. Ke nan ɗan canjin da ke zaune a tasha da damin kuɗi a gabansa, igiyar kasuwarsa na kaiwa har wani tsohon mashigi a Jamus. A Holan akwai wani gari Coevorden, mashigin saniya, kuma masana tarihi na danganta zuriyar matuƙin jirgin ruwan nan George Vancouver da shi, wanda aka sa wa babban birnin Vancouver na Kanada sunansa. Saniya ta yi tafiya.

Me ya sa garuruwa da yawa haka suka tashi a mashigi? Wannan ba sai na gaya wa makiyayi ba, amma bari in faɗa saboda 'yan birni. Kogi mai tsawon tafiyar kwana goma, wataƙila wuri biyu ko uku ne kawai garke zai iya shiga ya fita lafiya. Sauran, ko gaɓar ta yi tsayi, ko laka ta riƙe ƙafa, ko ruwan ya yi ƙarfin da zai tafi da maraƙi. Saboda haka duk hanyoyi a nan suke haɗuwa. Idan ruwa ya cika, dole a zauna a jira ya janye, kwana biyu, kwana biyar. Mai jira yana cin abinci, sai mai tuwo ta kafa tukunya. Yana bukatar igiya da gishiri da wurin kwana, sai ɗan kasuwa ya kafa rumfa. Da mutane sun taru, mai mulki ya hango, sai ya turo wakilinsa ya zauna a bakin ruwa da jaka. Kasuwa, masauki, haraji: haka aka yi a bakin Tems, haka aka yi a bakin Kwara.

Ga wurin da maganar ta fi yi mini daɗi. Masana harsuna sun gano cewa ford na da dangi a harsuna masu yawa, daga Turai har Farisa, dukkansu daga tsohuwar saiwa ɗaya mai ma'anar wucewa ko ƙetarewa. A Latin, harshen Rumawa, danginta shi ne portus, wato tashar jiragen ruwa, da porta, ƙofa, da portare, ɗaukar kaya. Za ku ce ina "p" ina "f"? Wani Bajamushe mai suna Jacob Grimm ya bayyana ƙa'idar a 1822: inda Rumawa ke da "p" a farkon kalma, kakannin Ingilishi da Jamusawa sun mai da shi "f". Uba a Latin pater ne, a Ingilishi father. Kifi piscis ne, ya koma fish. Haka portus da ford. Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne a bakinmu. Bature ya kawo famfo da fensir da fasfo, duk da "p" ya kawo su, mu muka gyara masa. Kuma abin da Bakano zai ce fita, mutumin Ƙonni ko Dogon Dutsi hita zai ce, ba wanda ya kasa gane ɗan'uwansa. Ashe Turawan arewa ma irin tamu suka yi, sai dai su tasu ta riga tamu da shekaru fiye da dubu biyu.

To ku duba takardun da ke hannunku a ofishin duwan. Port ɗin da kuke cewa kayanku sun sauka a Kwatano ko Lome, wannan kalma ce. Import, shigo da kaya. Export, fitar da su. Transport, ɗaukar su daga wuri zuwa wuri. Shi kansa fasfo daga Faransanci ya fito, passer da port, wato izinin wucewa ta tasha. Duk ƙannen mashigin shanu ne da suka yi boko suka sa kwat.

A ɓangaren "f" kuma akwai fjord na mutanen Norwe, rashen teku da ya kutsa tsakanin duwatsu, da fahren na Jamusanci, tafiya a abin hawa. Akwai ferry, jirgin fito. Sai fare. Ita wannan a tsohon Ingilishi tafiya take nufi, tafiyar kanta. Sannu a hankali ma'anar ta zame daga tafiyar ta koma kan kuɗin da ake biya don a yi ta. Yau idan Bature ya ce fare, kuɗin mota yake nufi.

Ku tsaya nan ku saurari Hausarmu. Mene ne fito? Aikin mai kwalekwale ne, ko mai gora a zamanin da, da ke ƙetarar da mutum da kayansa. Kuɗin fito shi ne ladansa. Amma yau idan kun ji a labarai an ce an ƙara kuɗin fito, wa ke tuna kwalekwale? Harajin duwan ake nufi, ko da iyakar ba ta da ɗigon ruwa, kamar tsakanin Ƙonni da Illela ko Ɗan Isa da Jibiya. Kuma kun san su wa ake kira 'yan fito a garuruwan iyaka, ba sai na yi bayani a takardar gidan rediyo ba. Harsuna biyu da ba su haɗa kaka ba, kowanne ya ɗauki kalmar bakin ruwa ya kai ta kan kuɗi. A kula fa: wai don fito da ford duk sun fara da "f", wannan bai sa su zama dangi ba. Hausa daga gidan harsunan Chadi take, danginta na nesa su ne Larabci da Tamashek. Haɗuwar harafin dace ne kawai. Abin da ya haɗa su shi ne halin mai mulki da halin kogi.

Ga masu jin Faransanci, su gué suke ce wa mashigi, daga wata saiwar daban, wadda ita ce kuma ta ba Ingilishi wade, wato taka ruwa.

Na ce masu kora shanu ne suka raɗa wa Oxford suna, kada wani ya ɗauka zance ne na ƙawa. Ƙasar Biritaniya ta yi ɗaruruwan shekaru da fataken shanu masu tafiyar ƙasa. Daga tsaunukan Wales da Sikotilan suke koro garkuna, makonni a hanya, zuwa kasuwar Smithfield ta Landan. Saboda tsakuwar hanya, har takalmin ƙarfe ake buga wa shanun, guda biyu a kowace ƙafa tunda kofaton a rabe yake. Shanun tsibirin Anglesey kuwa iyo suke yi su ƙetare mashigin tekun Menai, masu kwalekwale na rakiya, kafin a buɗe gada a wurin a 1826. Da aka fara kafa shingayen karɓar kuɗi a manyan hanyoyi, ana lissafi bisa yawan kawunan dabbobi, fataken suka riƙa bin ta kan tudu da daji don kauce musu. Ko akwai wanda wannan labari ya yi wa kama da wani abu? Jirgin ƙasa ne ya kashe sana'ar a tsakiyar ƙarni na 19. Mashigan kuma gadoji suka hau kansu, sai suna ya rage.

Mu namu ba suna kaɗai ya rage ba, kuma dalilin da ya sa na ja maganar ke nan. An gina gada tsakanin Gaya da Malanbil a 1958, mutane suka shekara sittin da wani abu suna ganin aikin fito ya zama na masunta da 'yan tsibiri. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar da ya biyo baya. Aka toshe gada, manyan motoci suka yi layi na kilomitoci, kwalekwale ya dawo sarki, kuɗin fito ya koma ma'anarsa ta asali, kuma ba da sauƙi ba. A gabas, kogin Komadugu da ya raba yankin Difa da Najeriya, da rani akan taka shi da ƙafa a wurare sanannu, da ruwa ya sauko kuma sai da jirgi. Tsofaffin makiyaya sun san kowane mashigi da sunansa, sun san wanda ke da dorina, sun san wanda ƙasansa ke sauyawa bayan ambaliya.

Abin da ke damuna shi ne yawancin wannan sani a ka yake, ba a takarda ba. A tsohuwar Ingila, lokacin da sarakuna ke rubuta takardun mallakar ƙasa, da mashigai suke kwatanta iyaka: daga mashigi kaza zuwa itace kaza. Ta haka sunaye da yawa suka tsira har aka san su yau. A nan kuwa, kusan kowace kaka muna samun waya iri ɗaya: garke ya biyo burtali lafiya, ya iso bakin ruwa, ya tarar an kewaye mashigin da shingen lambu. Mai lambu ya ce gonar ubansa ce, makiyayi ya ce hanyar kakansa ce, kuma sau da yawa dukkansu gaskiya suke faɗa gwargwadon abin da suka sani. A Nijar doka ba ta yi shiru ba. Akwai kundin dokokin karkara na 1993, akwai kuma dokar kiwo ta 2010 da ta amince cewa zirga-zirga haƙƙin makiyayi ne, ta kuma kare hanyarsa ta zuwa ruwa. Akwai hukumomin filaye da ake kira Kofo tun daga matakin ƙauye. A ganina, duk arɗon da ya je a shata masa burtali, ya nace a rubuta har da mashigin, da sunansa, da faɗinsa, a kafa masa alama kamar yadda ake kafa wa hanya. Burtalin da ya ƙare a jikin shinge bai kai garke ko'ina ba.

Tun da muna kan takarda, akwai wasu kalmomi biyu na ƙetarewa da ke jawo wa mutanenmu asara, ko da yake su ba dangin ford ba ne, daga trans na Latin suka fito, wato tsallake. Ta farko transit. Idan an buga ta a takardar kayanka, ma'anarta kayan wucewa suke yi ta ƙasar, ba a biya musu harajin shiga kasuwarta ba. Ka sauke su ka sayar a hanya, ka karya doka, ko da da kuɗinka ka saya. Kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, ka sa a karanta maka: transit aka rubuta ko import? Ta biyu transhumance, daga trans da humus, ƙasa, wato sauya ƙasar kiwo daga damina zuwa rani. Ita ce ke kan takardar shaidar da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta fito da ita a 1998, mai nuna yawan dabbobi, da rigakafin da aka yi musu, da hanyar da za su bi, da ƙofar iyakar da za su shiga. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a ƙarshen Janairun 2025, don haka mai niyyar ƙetarewa da garke ya fara zuwa ofishin ma'aikatar kiwo ya ji takardar da ake nema a bana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura motocin Baba. A Ingila da Ailan, mutumin da gidansa ke bakin mashigi akan yi masa laƙabi da wurin, kamar yadda mu ma muke cewa wane na bakin gulbi, har laƙabin ya zama sunan zuriya. Daga irin wannan gida Henry Ford ya fito. Mahaifinsa ya bar yankin Cork na Ailan ya koma Amurka, aka haifi Henry a jihar Mishigan a 1863, ya kafa kamfaninsa a 1903, kuma sunan gidansu ya liƙa a goshin motar. Ita kuwa Bedford, kamfanin Vauxhall ne ya fara ƙera ta a 1931 a garin Luton, aka sa mata sunan garin Bedford da lardinsa. Shi kuma garin, mashigin wani mutum ne mai suna Beda, a kan kogin Ouse. Ke nan Baba, shekarun da kuka yi kuna ratsa koramu da Bedford cike da buhunan gyaɗa, mashigi kuke tuƙawa a cikin mashigi.

A shirin Laraba mai zuwa za mu buɗe layi tun daga farko. Muna son dattawan ruga da sarakunan ruwa da tsofaffin direbobi su bugo su faɗa mana sunayen mashigan yankinsu, da dalilin sunan in sun sani, da ko har yanzu garke na iya bi. Za mu rubuta su ɗaya bayan ɗaya, mu buga a wannan takarda. Baba, ku ma muna jiran wayarku, wannan karon da wuri.